HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE

Wannan ita ce laccar da sakataren jam'iyyarmu na jiha ya yi wa talakawa da 'yan kasuwa ran kasuwar da ta wuce, bayan la'asar, a kan batun sayo wa 'yan sandan ƙauye sababbin bindigogi masu madubi. Mun buga ta duka saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Jama'a, assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, malamai, fatake, 'yan koli, mahauta, 'yan dako, direbobi, da dukan wanda ya rufe rumfarsa ya zo ya tsaya don ya ji, ina gaishe ku, Allah Ya saka da alheri.

Maganarmu ta yau maganar bindiga ce. Kun sani, duk ran da ɓarayin daji suka faɗa wa wani ƙauye, kafin a gama binne gawa sai ka ji manya a rediyo suna cewa wai abin da ya sa aka fi ƙarfin 'yan sanda shi ne makamansu sun tsufa, za a sayo musu na zamani, watau bindigogi masu cin dogon zango, da madubin hangen nesa a bisansu, da tabarau mai gani cikin dare. Waɗansu har sukan tare mu su ce, to, ku 'yan adawa, kuna so ko ba ku so? Jira suke mu ce ba mu so, su tafi su baza cewa jam'iyyar talakawa tana goyon bayan ɓarayi.

To, ga amsarmu a bainar jama'a: muna so. Mu ake kashewa a gona, shanunmu ake korawa, mu ake ɗora wa haraji kafin mu yi shuka, a kuma ɗora mana wani kafin mu yi girbi. Yaran da aka kwashe a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, da Maga da Papiri a 2025, daga makarantun karkara aka kwashe su, 'ya'yan irinmu ne. Amma fa kuɗin da za a sayo kayan nan namu ne, ɗan kasuwa kuwa ba ya cinikin biri a sama. Saboda haka bari mu kwance hajar nan mu duba ta ciki da baya.

WACE IRIN BINDIGA CE?

Bindigar da kuka saba gani a kafaɗar ɗan sanda, ita ce kuma a kafaɗar ɓarawo, sunanta AK-47. Wani mutumin Rasha mai suna Kalashnikov ya ƙera ta a 1947. Tana cin harsashi 30 a ɗuri guda, ba ta damu da ƙura ko laka ba, shi ya sa ta cika duniya. Amma inda take samun abin da aka auna sosai bai wuce kamar mita 300 ba, watau tsawon filin ƙwallo uku. Bayan nan harsashi yana tafiya, yana kuma kisa, sai dai mai harbin bai san wanda zai samu ba.

Ita kuwa bindigar gwanin harbi dabam take. Bakinta ya fi tsawo, harsashinta ya fi nauyi, ɗaya-ɗaya ake harba shi. Misalinta ita ce wadda ake kira Dragunov, wadda sojan Rasha suka fara riƙewa a 1963. Harsashi 10 take ci, madubinta yana jawo abu kusa ninki huɗu, watau mutumin da ke mita 400 sai ka gan shi kamar yana mita 100. A hannun gwani tana samun mutum daga mita 600 har zuwa 800. Su kansu waɗanda suka ƙera ta ba kowane soja suka ba ba. Cikin ƙungiya sai a zaɓi wanda ya fi natsuwa da ido, a horar da shi, shi kaɗai ya riƙe.

Amfaninta a fili yake, ba za mu ɓoye ba. Ɗan sandan da ke iya tsayar da ɓarawo tun daga nesa ya fi wanda zai jira sai an iso ƙofar caji ofis. Kuma harsashi guda da aka auna ya fi talatin da aka watsa cikin tsoro, gama waɗannan talatin ɗin su ne ke faɗa wa tsohuwa a ɗakinta da yaro a bakin rijiya.

MADUBI BA LAYA BA NE

Sai dai ku ji abin da ɗan kwangila ba zai gaya wa gwamna ba. Madubin nan sai an daidaita saitinsa da bakin bindiga a filin koyon harbi, a yi ta harbawa ana gyarawa har su zo ɗaya. In ya bugu, ko ya sha jijjiga a bayan mota bisa irin hanyoyinmu, saitin yana iya gocewa. 'Yan yadi za su gane lissafin: in saiti ya kauce da ɗani ɗaya a mita 100, to, a mita 600 ya zama ɗani shida, ya wuce kamu biyu ke nan. An auna wannan, an sami na kusa da shi. Ga iska tana tura harsashi gefe, ga nisa yana sa shi sunkuyawa ƙasa, duka sai maharbi ya lissafa kafin ya taɓa kunama. Wannan ilmi ba a samunsa sai da harsashin koyo mai yawa, wata bayan wata. Ku tambayi duk wani kurtu da kuka sani, tun da ya fito daga makarantar horo sau nawa aka kai shi filin harbi.

Tabaron dare kuma batir yake ci. Caji ofis ɗin da ba shi da lantarki, wanda baturen 'yan sanda ke roƙon 'yan kasuwa kuɗin man mota, ina zai sami batir da mai gyara? Wata shida ya isa kayan miliyoyi su zama tarkace cikin akwati.

Sa'an nan ku dubi ƙasar tamu. Da damina dawa takan fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke taku ashirin gabanka. Da hunturu hazo yakan rufe gari har ka kasa hango hasumiyar masallaci. Dazuzzukan da mutanen nan ke zaune, Rugu da Kamuku da Kuyambana da Sububu, itace ne da duwatsu da kwazazzabai. Ba kuwa ɗai-ɗai suke zuwa su tsaya a fili a auna su ba. Bisa babura suke zuwa, mutum biyu ko uku a kan kowane, garke guda, sau da yawa cikin dare. Makamansu kuma sun wuce wasa: a watan Yuli 2021 sun harbo jirgin yaƙin sojan sama a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Maharbi guda da madubinsa, ba abokai, ba mota, ba oba-oba da zai kira gudummawa, gawa ce da ba ta riga ta faɗi ba, bindigar kuma ta zama ganima.

GANI DABAM, SANI DABAM

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Ran 3 ga Disamba 2023 mutanen Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, sun taru suna Maulidi. Jirgin soja maras matuƙi ya hango su daga sama, masu sarrafa shi suka ɗauka taron ɓarayi ne, suka sakar musu bam. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya gawa 85, galibi mata da yara, rundunar soja kuma ta amsa cewa ita ce. Idon jirgin nan ya fi kowane madubin bindiga gani. Ya ga taro sarai, amma bai san taron mene ne ba.

Haka madubin bindiga yake. Daga mita 600 makiyayi da sandarsa bisa kafaɗa da ɓarawo da bindigarsa bisa kafaɗa kusan kamarsu ɗaya. Manomi mai komowa da gatari, ɗan sa-kai mai harba-ruga, ɗan acaɓa mai goyon mutum biyu, duka inuwa ce cikin gilashi. Wanda zai rarrabe su shi ne wanda ya san garin, ya san wane ɗan wane ne, ya san wace hanya ake bi zuwa mashaya. In aka ɗauko yaro daga wata uwa duniya, bai ji Hausa ba bai ji Fulatanci ba, aka ba shi bindiga mai kisa daga nesa, to, an ƙara mana makoki ne. Kun kuma ga yadda kashe wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai kamarsa ko yarensa, ya hura wutar gabar nan a Zamfara har ta kai inda ta kai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, jama'a.

INA MASU RIƘE BINDIGAR?

Kafin a yi maganar sirdi ai sai a ga dokin. A 2018 shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, wanda shi kansa ya taɓa zama Sufeto Janar, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan sanda fiye da 150,000 suna gadin manyan mutane ne, alhali rundunar duka ba ta kai 400,000 ba. Kun gan su da idonku: wannan na riƙe wa uwargida jaka, wancan na buɗe wa ɗan mai gida ƙofar mota. A 2015 an ba da umurni a janye su. A 2020 an sake bayarwa. A watan Nuwamba 2025, bayan abin da ya faru a Maga da Papiri, Shugaba Tinubu ya kuma bayarwa. Umurnin da aka yi ta maimaitawa shekara goma, kowa ya san irin biyayyar da aka yi wa na farkon.

A can ƙauye kuwa sai ka yi tafiyar rabin yini ba ka ga ɗan sanda ba, in ba a shingen hanya ba, inda direba ke miƙa hannu ta taga. Shi ya sa jihar Katsina ta kafa nata 'yan sintiri a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024. Tsoronmu shi ne, in sababbin bindigogin nan suka iso, mu gan su suna ƙyalli a jerin gwanon motocin manya, mutumin ƙauye kuwa ya gan su a hoto.

INA NA JIYA?

'Yan kasuwa, in yaron shagonku ya zo ya ce a ƙaro jari, me kuke fara tambayarsa? Lissafin kayan da aka ba shi bara. To, ga lissafin. Rahoton Babban Odita na Tarayya na shekarar 2019 ya ce, ya zuwa Disamba 2018, makaman 'yan sanda 178,459 ba a iya nuna inda suke ba, 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Ba mu muka faɗa ba, ma'aikacin gwamnati ne ya rubuta ya kai majalisa. Da 'yan majalisar dattawa suka ta da wani sashe na maganar a 2025, hukumar 'yan sanda ta yi musu, ta ce waɗansu suna hannun ma'aikata a bakin aiki sa'ad da aka zo ƙidaya, waɗansu kuma an ƙwace su ne bayan an kashe masu riƙe da su. To, madalla. Kowace bindiga tana da lamba a jikinta. A fito da littafi, lamba bayan lamba, gardama ta ƙare. Gama bindigar da ta ɓace daga ma'ajiyar hukuma ba sama take tashi ba. AK in ta faɗa hannun ɓarawo masifa ce. Mai madubi in ta faɗa hannunsa, zai kwanta bisa dutse ya zaɓi direban da ya ga dama a kan hanyar kasuwa.

Kuɗi kuma ba yau aka fara fitarwa ba. A 2015 aka ta da maganar dala biliyan 2.1 na sayen makamai, aka tsare tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, shekara huɗu, shi kuwa ya musanta laifin. A Disamba 2017 gwamnoni suka yarda a cire dala biliyan 1 daga asusun rarar man fetur don tsaro. A 2019 aka yi dokar asusun tallafa wa 'yan sanda, wadda ta ce a riƙa cire kobo 50 daga kowace naira 100 da ta shiga asusun tarayya, don horo da kayan aiki. Bayan wannan duka, a Satumba 2021 dabarar da aka samo a Zamfara da maƙwabtanta ita ce a rufe kasuwannin mako, a yanke layin waya, a hana sayar da mai a jarka. Wa ya sha wuyar? Ku da ke tsaye a nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

WA ZA A SAITA?

Dattawan da ke nan sun tuna zamanin En'e. 'Yan doka ba su da madubi, galibinsu ko bindiga ba su da ita, kulki ne kawai da ankwa. Amma da kulkin nan aka fasa kan talakawan da suka bi Malam Aminu Kano bayan an kafa NEPU a 1950, aka yi ta jefa su kurkuku don sun yi lacca irin wannan. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta soke 'yan doka ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. An sake riga, amma darasin yana nan: makamin da ba a tambayar mai riƙe da shi, kan talaka yake ƙarewa.

Kada ku ce wannan tsohon labari ne. A watan Agusta 2024 matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Ƙungiyar Amnesty ta ce 'yan sanda sun kashe mutum 24 ko fiye, su kuma 'yan sanda suka ce ba haka ba ne. A wannan shekarar ce kuma shugaban ƙasa da gwamnoni suka zauna kan batun ba kowace jiha 'yan sandanta. Duk wanda zai riƙe linzamin, na Abuja ne ko na gidan gwamnatin jiha, tambayarmu ɗaya ce: bakin bindigar nan daji zai duba, ko dandalin lacca da rumfar zaɓe?

ABIN DA MUKE NEMA

Don kada a ce mun iya suka ba mu iya gyara ba, ga sharuɗɗanmu.

Na ɗaya, mutum kafin ƙarfe. A komo da 'yan sanda daga ƙofofin manya zuwa garuruwan da ke bakin daji, a sa 'yan ƙasa da suka san harshe da hanya cikinsu, a biya su a kan kari, wanda ya mutu a bakin aiki a biya iyalinsa ba sai matarsa ta tsufa a layin ofis ba.

Na biyu, kada a raba bindigar nan kamar goron biki. A zaɓi kaɗan masu natsuwa, a horar da su sosai, a riƙa jarraba su a kai a kai, wanda ya faɗi a karɓe. Kowane maharbi ya kasance cikin ƙungiya, da mota mai mai, da oba-oba mai aiki.

Na uku, duk kwangilar da za a bayar ta haɗa da harsashin koyo, da batir, da kayan gyara, da horar da masu gyara. Muna da ma'aikatar ƙera makamai a Kaduna tun 1964. Abin kunya ne a ce ƙaramin gyara sai an jira wani daga ƙasar waje.

Na huɗu, a buga farashi. Guda nawa aka saya, nawa-nawa, daga hannun wa, wane caji ofis aka kai. In an ce sirrin tsaro ne, to, a ɓoye inda maharbi zai kwanta, amma kuɗin jama'a ba sirri ba ne.

Na biyar, littafi. Kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita, kowane harsashi a ƙidaya shi fita da komowa, odita ya zo ba tare da sanarwa ba. Wadda ta ɓace, babban ofis ɗin ya amsa, ba kurtu kaɗai ba.

Na shida, a rubuta a doka cewa bindigar nan ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa taron siyasa, ba ta zuwa zanga-zanga, ba ta zuwa wurin zaɓe. Duk ran da ta kashe mutum, a yi bincike a gaban alƙali, dangin mamaci suna zaune.

NAKU AIKIN

Wannan ba zai samu don na faɗa a nan ba. Kuna da ƙungiyoyi: ta mahauta, ta 'yan hatsi, ta dillalan shanu, ta direbobi, ta mata masu sana'a. Kowace ta zauna ta rubuta takarda zuwa ga ɗan majalisarta na jiha da na tarayya, da waɗannan abubuwa shida, shugabanni su sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. Akwai dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon tambayar ofishin gwamnatin tarayya a rubuce, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya amsa. Ofishin jam'iyya a buɗe yake, akwai masu rubuta muku kyauta. Ku ajiye kwafi, ku rubuta ranar da kuka kai. Ran da mai neman ƙuri'a ya zo da atamfa da sabulu, ku fito masa da takardar ku tambaye shi amsa.

Ɗan sandan ƙauye kuma kada ku ɗauke shi abokin gaba. Ɗan talaka ne kamarku, shi ake turawa gaba da harsashi ƙidayayye, shi ake bari a daji in abu ya ɓaci. Muna so a ba shi makami mai kyau, a koya masa, a kuma tambaye shi abin da ya yi da shi, shi da wanda ya aike shi.

Magariba ta gabato, masu nisa su kama hanya tun da sauran haske, ku tafi a ƙungiya. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ba talaka sawaba. Wassalamu alaikum.